Ruwan datti a kasuwanninmu: rami ɗaya, inji biyu, wa ke cewa wane ya tashi?

Ranar Juma'a 30 ga watan Agusta na 2024, ruwan sama ya sauka a birnin Maraɗi kamar da bakin ƙwarya. Hukumomin jiha sun ce milimita 150 aka auna cikin awa ɗaya da rabi, kuma mutum 15 suka riga mu gidan gaskiya. Kwanaki kaɗan bayan haka tsohon masallacin Birni na Damagaram ya rushe. A damanar wannan shekara, mutum fiye da 300 suka rasu a faɗin Nijar, ambaliya ta shafi fiye da mutum miliyan ɗaya. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya mayar wa waɗanda suka yi asara da alheri.

Irin wannan ruwa kowa yana jin labarinsa a rediyo. Akwai kuma wani ruwan da ba a ba da labarinsa, alhali kullum yana tare da ƴan kasuwa: ruwan wankin nama na mahauta, ruwan ƙanƙarar masu kifi, ruwan wanke-wanken masu tuwo, ruwan alwala, da na makewayi. Inda kasuwa take kan tudu, wannan ruwa yakan bi gwalalo ya wuce abinsa. Inda take cikin kwari kuwa, sai ya kwanta. Mai tumatir ta ɗage faifanta, mai atamfa ya ɗora kayansa bisa bulo, mai saye ya toshe hanci ya nufi wata rumfa. Sauro ya samu gidan haihuwa. Mutanen jihar Maraɗi ba su manta da kwalarar 2018 da ta 2021 ba, cutar da ke bin ruwan da najasa ta gurɓata.

Ruwa ba ya hawa tudu da kansa. Mutanen Maraɗi sun san haka tun 1945, lokacin da ambaliya ta cinye tsohon gari a bakin gulbi, aka koma bisa tudu. To amma ba kowace kasuwa ce za a ɗauka a mai da ita tudu ba. Inda ba a iya tashi, dabarar da ake yi a ko'ina cikin duniya ita ce a gina ramin siminti a wuri mafi ƙasa, ruwan datti ya taru a ciki, a saka injin jan ruwa ya tura shi ta tiyo zuwa babbar magudana ko inda aka tanada domin shi. Kwamitin kasuwa, ko na tashar mota, ko na mahauta, da ya yi niyyar yin karo-karo don irin wannan aiki, ya kamata ya san abu guda tun kafin a karɓi dala ɗaya daga hannun kowa: sayen inji shi ne mai sauƙi. Abin da ke sa inji ya daɗe ko ya ƙone shi ne ɗan akwatin da ke ba shi umarnin tashi da tsayawa.

Me ya sa inji biyu?

Ruwan datti ba ya jiran a gyara inji. Ranar da inji guda ya lalace, mahauta ba za su daina wanki ba, masallata ba za su daina alwala ba. Shi ya sa masu aikin suke saka inji biyu a rami ɗaya, kowanne da ƙarfin da zai iya kwashe ruwan yau da kullum shi kaɗai. Na biyun yana nan don abu biyu: ya karɓi aiki idan ɗan'uwansa ya gaza, ya kuma taimaka masa idan ruwa ya yi yawa, kamar ranar kasuwa ko jajibirin sallar layya.

Tambayar ita ce wa zai kunna su. A wurare da dama mai gadi ake bar wa wannan aiki. Mai gadi kuwa ɗan Adam ne, yana barci, yana zuwa sallah, yana rashin lafiya. In ya makara, rami ya cika ya tumbatsa. In ya kunna ya manta, ruwa ya ƙare inji yana ta gudu a bushe. Irin injin da ake nutsarwa cikin rami, ruwan da ke kewaye da shi ne ke sanyaya shi. Da zarar ruwan ya janye sai ya ɗauki zafi, robar da ke hana ruwa shiga cikinsa ta lalace, wayoyinsa su ƙone. Kuɗin karo-karon wata da watanni su tafi cikin dare ɗaya.

Gora da rele

Maganin wannan shi ne a bar ruwan da kansa ya riƙa ba da umarni. Kayan aikin iri biyu ne, kuma su ne mafi araha cikin duk abin da za a saya.

Na farko wata ƴar roba ce rufaffiya mai girman babban mangwaro, ana rataye ta da waya cikin ramin. Masu gyaran kuran suna kiranta fulotar, mu kira ta gora, don aikinta irin na gorar masunta ne: ba ta nutsewa. Idan ruwa yana ƙasa, gorar tana reto kanta a sunkuye. Idan ruwa ya taso ya ɗaga ta, sai ta kifa, wani ɗan ƙarfe da ke cikinta ya gangara ya danna makunni. Wanda ya taɓa leƙa cikin shaton gida ya ga yadda ƙwallon roba ke tsai da ruwa idan ya cika, ya riga ya fahimci rabin zancen.

Na biyu shi ne rele. Makunni ne wanda wuta ke dannawa a maimakon yatsa. A cikinsa akwai waya da aka nannaɗe; idan ƴar wuta kaɗan ta bi ta cikinta sai ta zama mayen ƙarfe, ta jawo wani ɗan harshe, harshen ya haɗa wata hanyar wuta daban. Rele shi ke karɓar saƙon gora, ya miƙa shi ga babban yayansa da ake kira kontaktar, wanda shi ne mai ƙarfin ɗaukar wutar inji. Ke nan gora ta faɗa wa rele, rele ya faɗa wa kontaktar, kontaktar ya tada inji.

Wani zai ce me ya hana a haɗa gora da inji kai tsaye, a huta? Dalili biyu ne. Na ɗaya, a daidai lokacin tashi inji yana jan wuta ninki biyar zuwa bakwai na abin da yake ja in yana gudu, ɗan makunnin gora ba zai jure wannan ba in injin babba ne. Na biyu ya shafi rai. Kuran ɗinmu bolt 220 ne, na manyan injuna 380. Da rele ana iya tura bolt 24 kawai zuwa gorar da ke cikin ruwa, babbar wuta ta bi tata hanyar. In wayar gora ta zage, ba ta kashe mutum.

Gora huɗu, matakai huɗu

A ramin da ke da inji biyu, tsarin da aka fi sani shi ne a rataye gora huɗu, kowace a nata tsayi.

Ta can ƙasa ita ce mai tsai da aiki. Idan ruwa ya sauka ya kai gare ta, duk injin da ke gudu sai ya tsaya. Ana rataye ta inda ruwa zai ci gaba da rufe jikin injin.

Ta biyu ita ce mai tada inji na farko. Da ya tashi ba ya tsayawa sai ruwa ya koma kan gorar ƙasa, domin rele yana riƙe umarnin ko da gora ta biyun ta sake sunkuyawa.

Ta uku ita ce mai kiran inji na biyu. Ruwa ba ya kai wa gare ta sai in ya fi ƙarfin inji guda, ko kuma na farkon ya ƙi tashi.

Ta huɗu, can sama, ba ta tada inji. Jiniya take kunnawa da jar fitila, don mutane su san akwai matsala tun ruwa bai fito fili ba. Ana sa ta ƙasa da bakin tiyon da ke kawo ruwa cikin ramin.

Inda inji uku ne, gora ɗaya ake ƙarawa, tsarin bai canza ba. Akwai kuma masu amfani da sandunan ƙarfe a maimakon gora: idan ruwa ya taɓa sanda, ƴar wuta ta bi ta cikinsa rele ya ji. Suna aiki sosai a ruwa mai tsabta, amma a ramin mahauta kitse yakan lulluɓe su su daina ji.

Tazarar da ke ceton inji

Ga inda ake yawan yin kuskure. Tazarar da ke tsakanin gora mai tsayarwa da gora mai tayarwa ita ce ke faɗin sau nawa inji zai tashi cikin awa guda, kuma yawan tashi shi ke cin inji, saboda zafin da wannan jan wuta na farko ke haifarwa.

Mu yi lissafi irin na kasuwa. A ce rami mita 2 ne tsawo, mita 2 faɗi. In tazarar gorar biyu santimita 50 ce, ruwan da ke tsakaninsu lita 2,000 ne, wato bido 80 mai lita 25. A ce injin yana kwashe lita 20,000 a awa, ruwan datti kuma yana shigowa lita 10,000 a awa. Ramin zai cika tazarar cikin minti 12, inji ya kwashe ta cikin minti 12. Tashi ɗaya ke nan duk minti 24, bai kai sau uku a awa ba. To a matse tazarar ta koma santimita 5, komai na nan yadda yake. Yanzu inji zai tashi sau 25 a awa. Inji ɗaya ne, rami ɗaya, ruwa ɗaya, amma na biyun ba zai ga damana biyu da lafiya ba. Kowane inji yana zuwa da takardar da ke faɗin iyakar tashinsa a awa. A nemi wannan takarda, a sa mai aikin ya nuna lissafinsa.

Tazarar kuma in ta yi yawa ita ma illa ce. Ruwa ya daɗe kwance, ya ruɓe, ya yi wari, laka ta daskare a ƙasa. Gwanintar mai aiki a nan take bayyana.

Raba kwana

Iyayenmu mata ba su buƙatar dogon bayani a nan. Gidan da mata biyu suke, girki bi-da-bi ake yi, yau wannan gobe waccan, ranar suna ko biki kuma duka biyun su shiga madafa. Haka ake so injuna su kasance. Akwai rele na musamman da aikinsa ke nan: in inji na ɗaya ne ya tashi a wannan karo, karo mai zuwa na biyu zai tasa. In gora ta uku ta kifa, ya tada su duka.

In babu wannan rele, inji guda ke ta aiki har ya gaji, ɗayan yana zaune cikin laka wata shida, yashi da tsatsa sun riƙe farfelarsa. Ranar da aka neme shi sai a tarar ya daɗe da mutuwa, ba wanda ya sani. Da raba kwana kuwa kowanne yana motsawa kullum, in ɗaya ya samu matsala a ranar za a gane. Yana da kyau a sa wa kowane inji ɗan kwantar mai ƙirga awoyin aikinsa. In a ƙarshen wata aka ga ɗaya ya ninka ɗan'uwansa, akwai abin dubawa: ko ɗayan ba ya tashi, ko mai yawan awoyin ya toshe yana gudu ba ya kwashe ruwa.

Idan kuran ya ɗauke

Duk wanda ke Nijar ya san hadari da ɗaukewar wuta tare suke tafiya. Mun kuma ga abin da ya faru daga watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nigelec, har zuwa watan Maris na 2024. Akwatin da ba a tsara shi da wannan a zuciya ba, bai dace da ƙasarmu ba.

Abu na farko, jiniya ta samu batirinta daban. Lokacin da aka fi buƙatarta shi ne lokacin da babu wuta. Na biyu, idan wuta ta dawo ko aka tada gurup, rami a cike yake, gora duka sun kifa, injuna biyu za su so tashi lokaci guda. Wannan jan wuta yana iya kashe gurup ko ya sa makatsin wuta ya faɗi. Ana sa ɗan rele mai jinkiri, na biyu ya jira wasu daƙiƙu bayan na farko. Na uku, manyan injuna masu waya uku, in waya ɗaya ta rasa wuta suna ci gaba da gurnani har su ƙone, in kuma aka juya wayoyin wajen gyara sai su riƙa juyawa da baya, ruwa kaɗan ke fita. Akwai rele mai lura da wannan, ya hana su tashi. Na huɗu, kowane inji ya samu nasa makatsin wuta da nasa rele mai jin zafi, don matsalar ɗaya kada ta kashe ɗan'uwansa. Masu tunanin wutar hasken rana su tuna ruwa yakan zo da dare ko cikin hadari, dole sai da batir.

Leda, yashi da kitse

Akwati komai kyansa ba ya maganin leda. Tun watan Nuwamba na 2014 dokar ƙasa ta haramta shigo da ledar nan mai laushi da sayar da ita, amma kowa yana ganin abin da ke cikin gwalalo. Leda da tsumma su ke naɗe farfelar inji, su kuma sarƙe wayar gora ta kasa kifawa. Yashi yana cinye farfela kamar dutsen niƙa. Kitse yana daskarewa a jikin gora ya ƙara mata nauyi.

Don haka kafin ruwa ya faɗa ramin a gitta masa ragar ƙarfe, a kuma yi wani ƙaramin rami a gabansa inda yashi zai kwanta. A bakin tiyon kowane inji a sa murfin nan mai buɗewa gefe ɗaya, wanda ke hana ruwa komowa. In babu shi, ruwan da inji na ɗaya ya tura sai ya zagayo ta cikin na biyu ya dawo rami, ana biyan kuɗin wuta a banza. Wannan ɓangare na aikin a hannun ƴan kasuwa yake. Hajiya mai waina da ta tace ruwan wankinta kafin ta zubar, da mahaucin da ya kwashe kitse da tumbi daban, sun yi wa injin abin da mai gyara ba zai iya yi masa ba.

Ramin nan ba wurin shiga ba ne

Ruɓaɓɓen ruwa yana fitar da wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, saboda haka a ƙasan rami take taruwa. In ta yi yawa hanci yakan daina jin warinta, mutum ya zaci lafiya lau, sai ya yanke jiki ya faɗi. Sau da yawa wanda ya shiga ceto shi ma can yake zama. Kada a tura yaro ko almajiri ya shiga cire leda. A rataye injuna da sarƙa, yadda za a jawo su daga sama a gyara su a fili, bayan an kashe wuta. Ramin ya samu murfi mai kwaɗo, akwatin wuta kuma a kafa shi sama da inda ruwa ya taɓa kaiwa, da makatsin nan mai faɗuwa nan take idan wuta ta fara bin jikin mutum ko ruwa.

Abin da inji ba zai iya ba

Kada a yaudari kowa. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan mita ɗaya murabba'i lita ɗaya ce. Ruwan da ya sauka a Maraɗi a waccan rana, a kan hekta ɗaya ta kasuwa mai mita 100 kowane gefe, lita miliyan ɗaya da rabi ne. Injin da muka yi misali da shi sai ya yi awa 75 kafin ya kwashe shi, biyu tare su yi kwana ɗaya da rabi. Ruwan sama aikin manyan magudanai ne, yasarsu da gina su kuma nauyin ma'aikatar magajin gari ne. Injuna na ruwan datti ne na yau da kullum, da ragowar da ke kwanciya bayan an ɗauke ruwa.

Sai kuma a san inda za a kai ruwan. Kwashe shi daga kasuwa a zuba wa unguwar da ke ƙasa ba gyara ba ne. Mutanen Yamai suna ganin abin da kwarin Gunti Yena ke ɗauka zuwa kogin Isa. Kafin a haƙa rami, a je ma'aikatar magajin gari da ma'aikatan tsabta a daidaita inda bakin tiyo zai ƙare.

Kafin a biya mai aiki

Kwamitin da zai ba da irin wannan aiki ya sa mai aikin ya rubuta amsar waɗannan a takardar lissafinsa. Gora nawa zai sa, a wane tsayi? Sau nawa inji zai tashi a awa? Akwai rele mai raba kwana? In inji ɗaya ya mutu, ɗayan zai tashi da kansa? Wuta nawa ke zuwa jikin gora? Jiniya tana da batir? Akwai maɓallin da za a iya kunna kowane inji da hannu in gora ta lalace? Kayan gyara ana samunsu a garin, ko sai an aika Yamai ko Kano?

Ranar karɓar aiki kada a tsaya ga kallon akwati. A cika ramin da ruwa a gaban kowa, a ga na farko ya tashi ya tsaya. A sake cikawa a ga na biyu ne ya tashi. A kashe ɗaya da gangan a ga ko ɗayan zai karɓa. A kashe duka biyun a jira kukan jiniya. Sai an ga huɗun nan da ido za a ba da cikon kuɗi.

Bayan haka a ɗora wa mutum guda nauyin kwashe raga kullum da wanke gora duk mako, a ware masa haƙƙinsa cikin kuɗin da ake tarawa, a kuma ajiye gora ɗaya da rele ɗaya sabbi a ofishin kwamiti. Watan Afrilu da Mayu, kafin ruwan farko, su ne lokacin yashe rami da gwada komai. Shugabannin ƴan kasuwa da shugabannin mata, tun yanzu ya kamata a sa zancen cikin taro na gaba.